Cam a karon dalma: inda aikina ya kai, wata bayan wata

13 Janairu 2025, Kumasi

Yau Dakta, malamin da ke duba aikina, ya sa hannu a takardar aikin, to daga yau zan riƙa rubuta duk inda na kai, saboda kaina da kuma ƙannenmu na zango masu karatun fiziks da kullum suke tambayata wai me nake yi a gaban laftof har ƙarfe biyun dare. A taƙaice dai, a CERN kusa da Janiba akwai LHC, zobe ne mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, galibi furoton suke gwarawa da furoton, amma akwai lokacin da suke warewa su gwara cibiyar atam ɗin dalma da cibiyar atam ɗin dalma, kowacce da furoton 82 da niyutiron 126. In suka haɗu gaba da gaba zafin da ke tashi yakan wuce MeV 155 (MeV, GeV da TeV ma'aunan ƙarfi ne da muke auna har zafi da nauyi da su, GeV ɗaya MeV dubu ne, TeV ɗaya GeV dubu), wato wajen digiri tiriliyan biyu, kuma a wannan zafin furoton da niyutiron ba sa iya riƙe kansu, sai su narke, kwak da gluwon da ke ɗaure a cikinsu su fito su zama ruwa guda, shi ake kira filazmar kwak da gluwon. Abin ba ya daɗewa ko kaɗan, wajen lokacin da haske ke ɗauka ya yi tafiyar famtomita 10 (famtomita ɗan tsawo ne kamar girman furoton, da shi muke auna lokacin), sai ya huce ya koma dubban ƙananan ƙwayoyi.

Ni ɓangarena kwak mai nauyi ne, cam, mai nauyin wajen GeV 1.3, da yayansa botom mai wajen GeV 4.2. Dalilin da ya sa na nace sai shi: zafin filazmar bai kai ya haifi cam da yawa ba, nauyinsa ya fi ƙarfin zafin nesa ba kusa ba, don haka kusan duk cam ɗin da aka gani a ƙarshe tun karon farko aka haife shi, kafin ma filazmar ta haɗu. Yana nan aka yi komai, ya ratsa ta daga farko har ƙarshe, kuma ana iya lissafa yawan da aka haifa. To in ya fito da ƙarfin da bai kai wanda ya shiga da shi ba, filazmar ce ta ci, ita nake so in auna.

29 Janairu

Na gama saka ROOT, manhajar nazarin bayanai, da Pythia 8, manhajar da ke kwaikwayon karo a kwamfuta, sun tashi lafiya. Na sauko da teburan sakamakon ALICE, na'urar LHC da aka gina don karon dalma, daga shafin HEPData, na karon dalma na 2018 a TeV 5.02, kyauta ne wallahi, ba wanda ya tambaye ni daga ina nake ko wane ne ubana. Kuɗin data ne kawai ke cin aljihu, shi ya sa manyan fayil sai na shiga Tek, wato jami'armu KNUST, nake saukewa.

17 Fabrairu

Cam ba ya fitowa tsirara, sai ya sami abokin ɗauri. Wanda nake bi shi ne ƙwayar da ake kira meson D0, cam haɗe da kishiyar kwak ɗin u, nauyinsa GeV 1.865. Shi ma D0 ɗin ba wanda ya taɓa ganinsa a na'ura, yana tafiya wajen maikuromita 123 ne kacal, kamar kashi ɗaya cikin takwas na milimita, sai ya fashe, kuma sau huɗu ne kawai cikin ɗari yake fashewa zuwa kayon ɗaya da payon ɗaya, ƙananan ƙwayoyi masu caji da na'ura ke iya gani, hanyar da ta fi sauƙin kamawa kenan. Abin da ake yi shi ne a ɗauki kowane kayon a haɗa da kowane payon mai kishiyar caji, a lissafa nauyin uwar da za ta iya haifarsu, a zuba a histogiram, in da D0 na gaskiya a ciki za a ga ƙusumbi ya taso a kan 1.865.

A karon furoton da furoton na Pythia ƙusumbin ya fito tsaf, na yi ta kallonsa, na ɗauki hoto na tura wa Dakta ya amsa da kalma ɗaya. Da na juya zuwa dalma da tsarin Angantyr da ke cikin Pythia ɗin sai komai ya nutse. Dalili a fili yake, a karon gaba da gaba ƙwayoyi masu caji wajen 2000 ne ke fitowa a tsakiyar na'ura kawai, in ka haɗa kowa da kowa haɗin bogi ya kai dubban ɗaruruwa a karo guda, na gaskiyar kuwa da ƙyar ka sami ɗaya. Layi ne kawai shimfiɗe, ba tudu ba kwari.

12 Maris, cikin azumi

Na canja lokacin aiki, bayan tarawi zuwa sahur nake zama, da rana kai ba ya ɗaukar lissafi. Kuma gaskiya tsarin ya karɓe ni, unguwa tsit, fankar laftof ɗin ma ba ta kuka kamar da rana.

Maganin haɗin bogi shi ne waccan 'yar tafiyar ta maikuromita 123. Kayon da payon na bogi daga wurin karon suke fitowa kai tsaye, na D0 kuwa daga gefe kaɗan suke tashi, daga inda uwar ta fashe. To sai ka miƙa layin kowannensu baya ka ga da nawa ya kauce wa wurin karon, na gaskiya ɗaya yakan kauce ta dama ɗaya ta hagu, in ka ninka kaucewar biyu lambar takan fito ƙasa da sifili. Sannan ka duba ko jimillar tafiyarsu tana nuna baya zuwa wurin karon, in kusurwar ta buɗe ka jefar. ALICE da silikon ɗin da ke zagaye da bututun suke wannan awo, kuma a dogon hutun da aka yi daga 2019 sun cire tsohon sun saka sabo mai hawa bakwai, fiksel biliyan 12.5, hawan farko wajen milimita 23 daga inda ake karon. STAR ma, na'urar da ke zoben RHIC a Burukheban ta Amurka, sai da suka saka irin wannan silikon daga 2014 zuwa 2016 kafin su kama D0 da kyau a karon zinare. Ni ba ni da na'ura, don haka da hannu nake ɓata lambobin Pythia, in ƙara musu ɗan kuskuren awo gwargwadon na na'urar gaske, don kar in yaudari kaina da abin da ya fi gaskiya tsabta.

Daren jiya wajen ƙarfe uku ƙusumbin ya leƙo a dalma. Ƙarami ne, a kan gangaren tarkace, amma a wurinsa yake, 1.865. Na rage yankan, wato tacewar nan ta kaucewa da kusurwa, ya ɓace, na ƙara ya dawo, na haɗa kayon da payon masu caji iri ɗaya don gwaji babu shi ko alama, wanda haka ya kamata, tunda D0 ba ta da caji. Alhamdulillahi. Sai da Hajiya ta buga ƙofa ta ce koko ya huce na tashi.

8 Afrilu

Barkanmu da sallah. Ranar sallah na je gaida malaminmu na makarantar allo a Aboabo, ya tsufa sosai amma kansa garau, ya ce ɗana har yanzu kana Tek, me kake karantawa da ba ya ƙarewa? Na yi masa bayani iya iyawata, ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, to shi wannan kwak ɗin wa ya gan shi da idonsa? Na ce Allah gafarta malam babu, kuma a yadda lissafin ya nuna ba za a taɓa ware shi shi kaɗai ba, in ka ja biyu don ka raba su ƙarfin da ke tsakaninsu ba ya raguwa, har sai ƙarfin jan da ka zuba ya haifi sabbin biyu, kowa ya sami aboki. Ya ce to da me kuka san yana nan? Na ba shi labarin Nuwamba 1974, yadda ƙungiyoyi biyu, ta Ting a Burukheban da ta Richter a Kalifoniya, kowacce da na'urarta daban da hanyarta daban, suka ga ƙwaya guda a nauyi guda, GeV 3.1, wadda ake kira J/psi, cam ne da kishiyarsa a ɗaure. Ya ce shaidu biyu da ba su haɗa baki ba, to wannan magana ce. Ya sa mini albarka ya ce in dawo in gaya masa ƙarshenta. Tambayar tasa ta zauna mini, har na sake rubuta gabatarwar babi na ɗaya daga ita.

6 Mayu

Yanzu na shiga zuciyar aikin, abin da ake kira R_AA. Ka ɗauki yawan D da aka samu a dalma, ka raba da yawan da aka samu a furoton da furoton bayan ka ninka shi da adadin karon da ke faruwa tsakanin furoton da niyutiron na cibiyoyin biyu, wanda a kashi 10 cikin ɗari mafi gaba da gaba ya haura 1500. In filazmar ba ta taɓa cam ba amsar 1 ce. Abin da ALICE suka auna a wajen GeV 6 zuwa 10 na ƙarfin gefe, wato ƙarfin da ƙwayar ta fita da shi ta gefen bututun, bai wuce 0.2 ba, wato cikin biyar da ake sa rai ɗaya ne ya fito da wannan ƙarfin. Ba wai cam ɗin ya ɓace ba ne, yana nan, ƙarfinsa aka rage ya gangaro ƙasa, kuma tunda masu babban ƙarfi dama ba su da yawa, raguwa kaɗan takan bar rami mai zurfi a sama. Angantyr ba shi da filazma a cikinsa sam, shi ya sa nake son sa, shi ne ma'aunina na abin da zai faru in ba komai a hanya, kuma kamar yadda ake zato bai ba da wannan ramin ba.

Sai na fara rubuta nawa kod ɗin, na lissafin Lanjaba, mai bin tafiyar abu mai nauyi a cikin cunkoson marasa nauyi. Hoton da ke kaina kullum mai tura kura ne ɗauke da buhunan masara a tsakiyar Kejetia ranar Asabar, mutane ba su kai shi nauyi ba, ba wanda zai tsayar da shi shi kaɗai, amma wannan ya goge shi wancan ya bangaje shi, saurinsa na raguwa, yana ɗan karkata nan da can, in ya daɗe a ciki sai ka ga ya bi inda jama'a suka nufa ko ba can ya dosa ba. Lissafin ma haka yake, abu biyu ne, jan baya da ke rage ƙarfi da kuma bugu na ba-zata ta kowane gefe, kuma dangantakar Ainshitain ta ɗaure su wuri guda ta hanyar zafi, ba ka da ikon ƙara ɗaya ka bar ɗaya. Lamba guda ce ke riƙe da komai, 2πT sau D_s, inda T zafi ne, D_s kuma ma'aunin yadda cam ke yaɗuwa a filazma, in ta yi ƙasa filazmar ta riƙe cam da ƙarfi kenan. ALICE da suka gwada samfura daban-daban da bayanansu sun ce tana tsakanin 1.5 da 4.5 a kusa da zafin narkewar.

24 Mayu

Ruwan sama da dumso sun haɗu mana wannan makon, wuta ta ɗauke tsakiyar gudu, batirin kuma ya tsufa. Na kai wa wani mai gyara a Adum ya canja, na kuma sa kod ɗin ya riƙa ajiye inda ya kai lokaci-lokaci. Shikenan.

16 Yuni

Wannan rubutun zai yi tsawo don a nan abin ya yi daɗi kuma ya yi wuya.

Filazmar farko da na saka mai sauƙi ce, ta samfurin Biyoken, wadda ke miƙewa ta tsawo kawai, zafi na sauka a hankali. Na fara da MeV 450 a famtomita 0.6, lissafi ya ce sai wajen famtomita 15 za ta sauko 155, wanda ya yi tsawo, don ta gaske tana buɗewa ta gefe ma, tana hucewa da wuri. Duk da haka siffar ta fito, rami a sama, tudu a ƙasa. Amma a can sama sosai, bayan GeV 10, layina ya ƙi bin na ALICE sai in na matse lambar fiye da kima, in na matse kuma ƙasa ta lalace. Na kai wa Dakta, ya kalla ya ce ai bugu kawai ka saka, ina gluwon ɗin da yake zubarwa? Gaskiyarsa. Cam mai gudu sosai ba ta hanyar gogayya kaɗai yake asara ba, filazmar tana girgiza shi ya riƙa fitar da gluwon, kuma a babban ƙarfi wannan ce babbar asarar.

A nan ne nauyi ke shigowa, kuma wannan ɓangaren ne ya fi burge ni a duk fannin. Kwak mai nauyi ba ya iya fitar da gluwon kai tsaye gabansa, akwai kusurwar da ta mutu, faɗinta nauyinsa ne a raba da ƙarfinsa. A GeV 10 ta cam wajen 0.13 ce, ta botom ta haura 0.4. Dokshitza da Kharzeev ne suka ce a 2001 wannan zai sa mai nauyi ya yi asara ƙasa da marar nauyi a filazma, ALICE kuma suka ga kusurwar kai tsaye a karon furoton suka buga a 2022. Don haka ana sa ran botom ya fi cam tsira, kuma an gani, D da J/psi waɗanda suka fito daga fashewar B, ƙwayar da ke ɗauke da botom, ramin nasu bai kai zurfin na D na asali ba. Amma tsakanin D da payon, a babban ƙarfi kusan layi ɗaya suke, abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai, sai da aka lissafa bambancin yadda kowanne ke rarrabuwa kafin ya zama ƙwayar da ake gani sannan aka ga asara daban-daban na iya ba da R_AA iri ɗaya. Wannan ya koya mini in daina karanta R_AA kamar ita ce asarar kanta.

Sai kuma v2, lambar da ke nuna yadda ƙwayoyi suka fi fita ta wani gefe fiye da wani. In karon ba gaba da gaba ba ne, wurin haɗuwar ba zagaye yake ba, dogo ne ta gefe ɗaya, filazmar takan fi turawa ta gajeren gefen, kuma D ɗin da ake aunawa suna bin wannan turin, v2 ɗinsu ya fi sifili sosai. Abu mai nauyin GeV 1.3 da aka haifa ba ruwansa da siffar wurin, a cikin famtomita 10 ya koyi bin ruwan. Ni a ganina wannan ya fi ramin R_AA girma a matsayin hujja, don rami ana iya samunsa ta hanyoyi da yawa, amma bin ruwa sai an yi cuɗanya ta gaske. Kuma samfura da yawa a nan suke shan wuya, in sun daidaita R_AA v2 ya yi ƙasa, in sun ɗaga v2 ramin ya zarce. Tawa filazmar ba ta da gudun gefe kwata-kwata, don haka v2 ɗina kusan babu. Dole in koma TRENTo don siffar farko da MUSIC don gudun ruwan, duka a buɗe suke kyauta, laftof ɗin ne dai zai ji a jikinsa. Dakta ya ce zai nema mini wuri a kwamfutocin sashe.

10 Yuli

A farkon watan nan LHC ta gwara oksijin da oksijin, karo na farko, har da niyon. Oksijin furoton 8 ne da niyutiron 8, ƙaramin abu in ka gwada da 208 na dalma, tambayar ita ce ko ɗigon filazma ƙarami haka zai iya rage wa mai gudu ƙarfi. A furoton da dalma an ga alamar gudun ruwa amma ba a ga rami ba, to oksijin ne a tsakiya. Na riga na rubuta a littafina cewa da zarar MUSIC ya tashi zan juya shi zuwa oksijin in ajiye hasashena na D kafin sakamakonsu na cam ya fito.

Wani ƙanenmu ɗan Asawase da ke shekara ta uku ya fara zuwa yana zama kusa da ni, ya ce yaya ni ma ina so amma ai wannan aikin na Turawa ne. Na nuna masa cewa a nan KNUST aka yi makarantar fiziks ta Afirka a 2012, kuma jami'o'in Afirka ta Kudu da iThemba LABS suna cikin ALICE da sunansu. Na ba shi aikin J/psi ya karanta, daga hasashen Matsui da Satz na 1986 cewa filazma za ta narkar da ita, zuwa abin da aka gani a LHC, inda a ƙaramin ƙarfi raguwar ba ta kai ta RHIC ba duk da zafin ya fi, saboda cam ya yi yawa har wanda aka haifa a nan yana haɗuwa da kishiyar da aka haifa a can su ɗaura sabuwa.

28 Yuli

MUSIC ya yi gudun farko a kwamfutar sashe, na karɓi zafi da gudun ruwa na kowane wuri da kowane lokaci, kod ɗina yana karantawa. v2 ya taso daga sifili, bai kai na ALICE ba tukuna amma ya kama hanya.

Abin da ya rage babba shi ne ƙarshen tafiyar, yadda cam ke zama ƙwaya. Har yanzu rarrabuwa irin ta Pythia nake amfani da ita, wadda aka daidaita da karon ilektaron da fositaron, inda yawan Lambda_c, ƙwayar cam mai kwak uku, a kan na D0 wajen 0.1 ne. ALICE sun auna a furoton da furoton sun sami wajen 0.5 a ƙaramin ƙarfi, a dalma kuma ya ƙara hawa a matsakaicin ƙarfi, meson D_s ma, cam haɗe da kishiyar kwak ɗin s, ba lambar yaɗuwar can ba, ta ƙaru tunda filazmar cike take da kwak ɗin s. Ma'ana cam yana ɗaukar abokan ɗauri daga cikin ruwan da ke kewaye da shi, su kuma suna zuwa da nasu gudun su ƙara masa, kuma duk cam ɗin da ya tafi Lambda_c an rasa shi a lissafin D0 ba tare da ya yi asarar komai ba. Wani ɓangare na ramin da nake dangantawa da jan baya daga nan yake. Makon gobe zan fara rubuta ɓangaren haɗuwar, in fara da D0 da D_s, Lambda_c sai bayan na ga jimillar cam ɗin da ya shiga ta yi daidai da wanda ya fita. Asarar gluwon kuma Dakta ya ce mu bar ta zuwa Satumba, ranar Alhamis zan kai masa hotunan v2.